Tambayar da ta zo daga bencin baya

Ranar Talata ina koya wa 'yan aji biyar rukuni na 18 a jadawalin sinadarai. Na jero hiliyam, niyon, agon har zuwa radon, waɗanda dukkansu gas ne, sai wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu: "Malam, na ƙasan radon ɗin nan fa, mai lamba 118, shi ma gas ne?" Na ce ta ba ni zuwa gobe.

Kullum nakan ce wa ɗalibaina barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: sinadari halin 'yan gidansu yake ɗauka. Da wannan ƙa'ida Mendeleev, masanin Rasha da ya tsara jadawalin, ya bar gurbi a jadawalinsa na 1869, ya siffanta abin da zai zauna a ciki, aka kuwa gano sinadarin galiyam a 1875, ya cike gurbin.

To amma oganeson, mai lamba 118, da alama ya fita zakka. A Dubna ta ƙasar Rasha aka ƙera shi, aka yi ta harbin kalifoniyam da kalsiyam har aka samu ƙwayoyin zarra ƙalilan, kowace ta tarwatse kafin ƙiftawar ido. Ba wanda ya taɓa tara shi a kwalba, sai dai lissafi. Lissafin kuma cewa ya yi cajin lantarkin da ke cibiyar ƙwayar zarrarsa ya yi yawa ainun, har ilektaron ɗin da ke kusa da ita suna gudun da ya doshi na haske, inda ka'idar Einstein ke shigowa ta sauya zamansu. Shi ya sa ake hasashen daskararre ne a zafin ɗaki, kuma zai fi 'yan gidansu saurin haɗuwa da wasu sinadarai.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan dalili yana hannunmu tun tuni. Shi ya ba zinariya launinta, shi ya bar zaiba a narke.

Washegari na shiga aji da tsohon ma'aunin zafi mai zaiba, na miƙa mata ta juya shi a hasken taga. Na ba su labarin kofanisiyam, mai lamba 112, wanda ke ƙasan zaiba a jadawalin: a binciken da aka wallafa a 2007, ƙwayoyi biyu kacal aka kama sun manne a kan zinariya, daga nan aka gane ƙarfe ne mai saurin zama tururi.

Ta dubi ma'aunin ta ce, "Biyu kacal, Malam?" Na ce biyu. Ta buɗe littafinta ta rubuta.