Wayar da ta ratsa ƙanƙara

Na shafe shekaru ina gaya wa ɗalibaina cewa nauyin mutum ne yake narkar da saman ƙanƙara har ta yi santsi, domin haka aka koya mini. A wani azumi da ya faɗo cikin bazara, na sayi ƙaton dutsen ƙanƙara daga wajen masu sayarwa a bakin kasuwa, na kawo shi aji a cikin buhu domin in nuna musu da idonsu.

Muka ɗora shi tsakanin tebur biyu, muka ratayo siririyar wayar tagulla a kansa, muka ɗaura bulo a kowane ƙarshenta. A hankali wayar ta riƙa nutsewa har ta fita ta ƙasa, amma dutsen bai rabu biyu ba, saboda ruwan da ya narke a ƙarƙashinta yana komawa samanta ya sake daskarewa. Dalilin shi ne ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, shi ya sa ƙanƙara take yawo a saman kofi, kuma matsi yake tura ta ta koma ruwa.

Murnata ba ta daɗe ba. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, tafin ƙafa ai ba siririn waya ba ne." Da na zauna da lissafin a gida, sai na ga gaskiyarta: kafin a sauke ma'aunin zafin da ƙanƙara take narkewa a kansa da digiri ɗaya kacal, ana bukatar matsin da ya ninka na iskar duniya sau 130 da wani abu, alhali mai takalmi ko ninki ɗaya ba ya kaiwa.

Amsar da ta fi gamsar da ni tsohuwa ce. Tun a 1850 masanin kimiyya Michael Faraday ya lura cewa guntayen ƙanƙara biyu suna mannewa idan suka taɓa juna, ya ce akwai wani siririn lulluɓi mai kama da ruwa a samanta. Ƙananan ƙwayoyin ƙanƙarar da suke can sama ba su da maƙwabta ta kowane ɓangare da za su riƙe su, don haka suke motsi. A 1939 wasu masana kimiyya biyu, Bowden da Hughes, suka ƙara da cewa zafin gogayya ma yana narkar da ita.

Washegari na raba wa kowane ɗalibi guntaye biyu, muka fara daga gwajin Faraday, na kuma gyara bayanina a gabansu.