Waƙar Luckenbach da sabon zuwa Texas

Wanda ya sauka Houston ko Dallas, a jihar Texas ta Amurka, ya kama aikin sito ko na garejin kanikawa, da wuya ya yi wata guda bai ji “Luckenbach, Texas” a rediyon abokin aiki ba. Waylon Jennings ne ya rera ta a 1977, Willie Nelson ya karɓi amshin ƙarshe, ta yi mako shida tana kan gaba a jerin waƙoƙin country, wato waƙoƙin salon karkara na Amurka.

Sunan salon su Waylon, outlaw (wato mai karya doka), yakan ruɗa baƙo ya zaci 'yan fashi ake wa kirari. Mawaƙa ne da suka ƙi yarda kamfanonin faifai na Nashville, cibiyar waƙar country, su riƙa zaɓa musu waƙa da makaɗa. Waylon ya dage sai da aka bar shi ya ɗauki faifai da makaɗansa da yake yawo da su. Shi ya sa kiɗan ba kwalliya: jita, ganga mai nauyi, da murya kamar ta mutumin da ya taso daga aiki.

Waƙar labarin mata da miji ce da suka samu abin duniya, ga ƙaton gida, ga garejin mota huɗu, amma kullum cikin faɗa. Sai mijin ya ce a watsar da kayan ƙawa a koma ƙauyen Luckenbach. Sabon zuwa ba ya gane zafin wannan magana, domin shi abin da ya ƙetaro nema ke nan. Sai ya shekara biyu yana aiki biyu, ya ga bashin gida na shekara 30, na mota shekara 5 ko 6, ga inshora, ga katin bashi, mata na fita aikin dare miji na shigowa, sannan waƙar take shiga jikinsa. Ashe su ma 'yan ƙasar wannan takalmin ne yake matsa su. Ka tambayi dattijon da kuke aiki tare ko ya taɓa zuwa garin, hira za ta ɓalle.

Garin kuwa yana nan. Daga Austin tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce: ka bi titin 290 yamma, kafin Fredericksburg ka karya hagu kan titin 1376. A riƙe taswirar waya, don masu tsaraba sun sha cire allunan hanya. Abin da ke garin shi ne tsohon gidan waya da ya koma shago, da zauren rawa na katako, da manyan bishiyoyi inda makaɗa ke zama da'ira.

Mai iyali ya je da rana. Da dare zauren na rawa ne da giya. Yankin kuma na jikokin Jamusawa ne, tsiran-alade ya yi yawa, to a tambayi naman kafin a saya, ko a taho da guzuri da dardumar salla a mota.