Inda na kai a harkar kyamarar hannu

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Kwanakin nan ban ɗauki hoton kirki ba, don hankalina duk ya koma kan sauya kaya. Na sayar da kyamarar da na fara koyo da ita, Nikon D3200, na ɗauko D700 ta hannu da lensi guda, 50mm f/1.8D. Tunda da yawa cikinmu kayan hannu muke iya saye, na ga gara in rubuta abin da na gani tun bai shige mini ba.

Wanda ya duba takarda kawai zai ce baya na ci. D3200 ta fito a 2012 da megafiksel 24, ita kuwa D700 tun 2008 take, megafiksel ɗinta 12, ba ta ɗaukar bidiyo, kuma nauyinta ya kusa kilo guda kafin a ɗaura mata lensi. Abin da ya ja ni shi ne girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara ya mayar da shi hoto. Ta D700 cikakkiya ce, kusan milimita 36 da 24, filinta ya ninka na D3200 fiye da sau biyu. A ɗaki mai ƙarancin haske bambancin a bayyane yake, ga tagar leƙenta babba, ido ba ya gajiya. Dalilin da ya sa irinta ta zo hannun ɗan koyo kuma sananne ne: a 2018 Canon da Nikon suka fito da manyan kyamarorinsu marasa madubi a ciki, masu bakin lensi RF da Z, ƙwararru suka yi ta komawa can suna zubar da tsofaffin kayansu a kasuwa. Kayan da a da sai dai mu kalla, yanzu suna neman mai saye.

Tambayar farko da kowa ke yi wa mai sayarwa ita ce, shota nawa ta buga? Shota dai labule ne da ke buɗewa ya rufe duk sa'ad da aka danna, kuma yana da iyakar da kamfani ya gwada shi a kai. Na D700 an gwada shi zuwa 150,000, haka ma na Canon 5D Mark III. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, ana karanta shi da manhaja irin ExifTool. Yawancin na Canon kuwa sai an haɗa kyamarar da kwamfuta ta waya. Idan daga nesa kake ciniki, ka ce a ɗauki sabon hoto a turo maka shi a matsayin fayil, don idan aka tura shi a matsayin hoto ta WhatsApp, bayanan nan gogewa suke yi. In ya iso, ka duba lambar jikin kyamarar da ke cikin bayanan, ka gwada da wadda ke ƙasan kyamarar. Kada kuma ka ɗauki lambar sunan fayil a matsayin ƙidaya, don tana kaiwa 9999 take komawa farko.

Amma a ganina an fi ba wannan lamba girma fiye da yadda ta kai. Wata shota tana wuce iyakarta nesa ba kusa ba, wata ta mutu ba ta kai rabi ba, kuma in ta mutu ana iya sauya ta muddin akwai kayan gyara. Kyamarar da aka yi shekaru ana bidiyo da ita za ta nuna lamba ƙarama alhali sensarta ta sha aiki da zafi. Lambar tana da amfani wajen tayi, shi ke nan. Abin da nake tsoro shi ne ruwa. Shi ya sa nake buɗe gidan batir da na kati in haska, in duba kawunan kusoshi ko akwai tsatsa ko wani farin gari-gari, in kuma sunsuna. Kyamarar da ta kwana cikin danshi tana da wari irin nata. Idan kawunan kusoshin sun cinye, to wani ya taɓa kwance ta, sai in tambaya wa ya buɗe, me kuma ya gyara. Amsar ba ta kai yadda aka ba da ita muhimmanci a wurina ba.

Gwajin sensa ba ya cin minti biyar. Na tsuke ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi a cikin lensi, zuwa f/16, na kawar da fokas, na ɗauki farin bango ina ɗan motsa hannu don kada tabon bangon ya fito. Duk ɗigon da ya tsaya cak a hoton, a kan sensa yake. A tawa na ga ɗigo-ɗigo masu duhu a kusurwar sama ta hagu, ƙura ce, tana fita. Dogon layi siriri shi ne abin gudu, don sau da yawa ƙarzanewa ce daga wanda ya goge da abin da bai dace ba. Daga nan na rufe lensi da murfinsa na ɗauki baƙin hoto na daƙiƙa kaɗan, na faɗaɗa shi ina neman ɗigon ja ko shuɗi. Ɗaya ko biyu ba komai ba ne a tsohuwar kyamara. Layi guda daga sama har ƙasa kuwa, a ajiye ta a yi sallama. Yana da kyau mutum ya san tarihin samfurin da yake nema. D600 ta 2012 ta yi suna wajen tara ɗigo a kan sensa, har kamfanin ya fito da D610 a 2013 da sabuwar shota. Canon 5D ta farko, ta 2005, an san madubinta yana iya ɓallewa. Ba wai kada a saya ba ne, a dai tambaya ko an yi gyaran.

Inda na fi daɗewa shi ne kan lensi, kuma nan nake so mu fi maida hankali, don jiki yana tsufa ya faɗi a kasuwa, lensi mai kyau kuwa yana bin mutum daga jiki zuwa jiki. Na cire murafensa biyu, na buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, na haska tocilar waya daga baya a karkace ina leƙawa ta gaba. Farkon gani gabanka zai faɗi, don ƙura za ta bayyana birjik. Kada ta dame ka, babu tsohon lensi da ba shi da ita, kuma da wuya ta fito a hoto. Abin nema biyu ne. Na farko fumfuna: zare-zare farare masu rassa, kamar saƙar gizo, yawanci daga gefe suke farowa su nufo tsakiya. Idan ta daɗe tana cin rufin da ke kan gilashin, ko an wanke tabon yana nan. Na biyu hazo, wato wani dishi-dishi da ke lulluɓe gilashin ciki, wanda ke sa hoto ya yi fari-fari da zarar an fuskanci haske. Akwai wani 35mm da aka kawo mini da araha mai ban mamaki, jikinsa fes, amma tocila na shiga na ga fumfunar ta kama gefen gilashi na biyu. Mai shi ya ce ba ta fitowa a hoto, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa a yau. Na mayar masa da abinsa.

Ƙarzanewa a gilashin gaba ba ta kai ta gilashin baya illa ba, don haka can ake fara dubawa. A lensin Nikon irin nawa akwai wani ɗan ƙarfe a baya da ke motsa ganyayen ƙofar haske. Ka ja shi ka saki, ganyayen su rufe tsaf nan take. In suna jan jiki, ko ka ga sheƙin mai a kansu, hotunanka za su riƙa yin haske fiye da kima. Ka juya zoben fokas daga farko zuwa ƙarshe kana sauraro, kada ka ji ƙaras-ƙaras. Ka shafa bakin da ake ɗaura filta, in ya lotsa to lensin ya taɓa faɗuwa. Wanda ya faɗi kuwa sai an gwada shi: ka tsaya daidai gaban bango mai zane, ka ɗauka a buɗe gaba ɗaya, ka gwada kusurwoyi huɗun. In ɗaya ta yi dishi sauran ukun suna da kaifi, gilashin ciki ya goce.

Sai maganar dacewa, wadda ke cinye kuɗin 'yan koyo ba gaira ba dalili. Shigar lensi bakin kyamara ba ya nufin zai yi aiki. Bakin Nikon F tun 1959 yake, amma lensin 50mm ɗin nan nawa ba ya saita fokas da kansa a kan D3200, don ita ba ta da injin juya shi a jikinta, D700 kuwa tana da shi. Lensin AF-P na ƙaramar sensa kuma bai yi wa D3200 aiki. Idan ka ɗaura lensin DX, wato na ƙaramar sensa, a kan D700, hoton zai ragu ya koma wajen megafiksel 5. A ɓangaren Canon, lensin EF-S, wanda shi ma na ƙaramar sensa ne, ba ya hawa kyamara mai cikakkiyar sensa irin 5D ko 6D. Batir da kati ma haka: D700 katin CF take ci, kuma cikin gidan katin akwai ƙananan allurai da ke lanƙwashewa in aka tura kati da ƙarfi. Na haska na tabbatar duk suna tsaye kafin in biya.

Af, ga masu bin yayin ƙananan kyamarorin aljihu na shekarun 2000, ku duba kati kafin komai. Yawancin tsofaffin Olympus da Fujifilm katin xD suke ci, Sony kuma Memory Stick, wasu masu SD ɗin ma ba sa karanta abin da ya wuce gigabait 2. Yayi yana iya hautsina farashi: Fujifilm X100V ta fito a 2020, da ta yi tashe a TikTok sai ta hannu ta riƙa fin sabuwa tsada. Ni dai ban shiga wannan layin ba.

Sayarwa ta fi saye koya mini abu. Kafin in sa wa D3200 ɗin farashi na duba nawa aka sayar da irinta, ba nawa ake nema ba, don kowa yana iya rubuta abin da ransa ke so. Na goge ta, na ɗauke ta a hasken taga ta kowace fuska, har da kusurwar da fenti ya goge da robar da ta fara ɗagawa a wajen babban yatsa. Na rubuta adadin shota, na ce batirin ya fara rauni. Wasu sun ce na karya wa kaina kasuwa, amma wanda ya zo bai tsaya neman aibi don rage kuɗi ba, tunda duk na riga na faɗa, cinikin bai ɗauki lokaci ba. Jikin daban na sayar, lensin daban, kuma abin da na samu ya fi tayin da aka yi mini a haɗe. Na cire katina, na mayar da saitin kyamarar yadda ya zo daga kamfani, na rubuta rasit mai lambar jiki muka riƙe kowa da nasa. Haka kuma na nema daga wanda ya sayar mini, don kayan sata suna yawo a wannan harka. Kuɗi kuwa sai da na gan su a asusuna, hoton shaidar tura kuɗi ba kuɗi ba ne. Wanda zai saya daga nesa, ya nemi sharaɗin mayarwa na 'yan kwanaki, in ba haka ba cinikin biri a sama ya yi.

Yanzu lensin 50mm ɗin yana kwana cikin kwano mai murfi da ƙwayoyin silika masu tsotse danshi. Ƙurar kusurwar hagu har yanzu tana nan, robar hura iska ta fitar da rabi, sauran sai gogewa da ruwan wanke sensa, kuma hannuna bai saba ba tukuna. Zan fara gwadawa a kan tsohuwar filta kafin in taɓa sensar. Masu Canon a cikinmu, ku gaya mana da wace manhaja kuka karanta shotarku, da samfurin kyamarar, don na ga wadda ta yi wa wani aiki ta ƙi yi wa wani.