Wa ke ƙidaya masu kiwon kifi a Maraɗi?

Ina cikin sauya wa tarwada ruwa a kwamin bayan gidana wani matashi ya yi sallama da takardun tambayoyi a hannunsa, ya ce suna tattara bayanai ne a kan kiwon kifi. Na shimfiɗa masa tabarma, bayan gaisuwa ya ce, "Baba, kilo nawa kuka fitar bara, kuma nawa kuka kashe kafin ku fitar?" Na san sau biyu na zuba 'ya'yan kifi, na san na sayar, amma buhun abinci nawa suka ci da guda nawa suka mutu a makonnin farko, sai dai na yi masa kintace. Ya rubuta yadda na faɗa, kuma tun daga ranar abin yake ci mini rai, domin na gane cewa da irin amsata ake haɗa alƙaluman da ke tafiya Yamai.

Alƙaluman nan ba a Yamai suke tsayawa ba. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana karɓar su daga ƙasashe kowace shekara, kuma rahotonta na 2024 ya nuna cewa a 2022, karo na farko, abin da aka kiwata na dabbobin ruwa, tan miliyan 94.4, ya zarce abin da aka kamo, sannan mutum miliyan 61.8 ne ke aikin kamun kifi da kiwonsa a duniya. Wanda zai ba da bashi ko tallafi irin waɗannan takardu yake dubawa kafin ya waiwayi wata jiha.

Tambayar da ta fi tsaya mini ita ce ta ma'aikata. Da ya ce mutum nawa ke aiki, na ce ni kaɗai ne, domin ba ni biyan kowa albashi. Sai da ya tafi na tuna da ɗan ƙanena da ke ba su abinci safe da yamma, da magini da ya yi kwamin, da mai kai kaya kasuwa a babur, da matan unguwa biyu da ke zuwa da roba tun da asuba ranar kwasa, su saya su soya ko su yi banda, da ribar kuma suke rufa wa kansu asiri. Duk waɗannan tarwadar nan ce ke ciyar da su, amma a takarda mutum ɗaya aka rubuta. A ganina takardar da ba ta tambayi kwanakin aiki da masu sarrafa kifin ba, rabin sana'ar kawai ta gani.

Lissafin kuɗin ma yana da nasa ƙulli. Abinci shi ke cinye fiye da rabin jari, kuma da yawanmu daga Najeriya muke samo shi ta Jibiya da Ɗan Isa, mu saya da naira mu sayar da kifi da sefa. Wanda bai rubuta canjin ranar da ya saya ba, ba zai iya cewa riba ya ci ko faɗuwa ya yi ba, balle a shekarun da aka rufe iyaka, 2019 da 2023. A kasuwa kuwa, na kiwo da na tafkin Madarunfa da wanda ya ƙetaro iyaka duk a faranti ɗaya ake jera su.

Akwai kuma tsoron lampo, wato haraji. Wani maƙwabcina ya rage yawan kwamin da yake da shi da aka tambaye shi, kuma ban ga laifinsa sosai ba, tunda ba wanda ya zauna ya bayyana masa inda takardar za ta ƙare, ba wanda kuma ya taɓa dawo mana da sakamako cikin Hausa.

Yanzu akwai littafi rataye a ƙusa kusa da kwamin. Ɗan ƙanena ke rubuta abincin kowace rana da kifin da ya mutu, ni kuma ranar kwasa ina rubuta kilo, da farashi, da sunan duk wanda ya sa hannu a aikin.