Godiya ga duk wanda ya sa hannu a baje kolin ɗalibanmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, ranar Alhamis da ta gabata muka yi baje kolin ayyukan hannu na ɗaliban ƙaramar sakandarenmu da ke nan gefen Daura, aka tashi lafiya. Sai yau na samu natsuwar zama in yi godiya.

Makarantarmu ƙarama ce, ba mu da ɗakin gwaje-gwaje. Duk abin da kuka gani a kan teburan nan, daga hannun mutanen gari ya fito. Mai gyaran rediyon bakin tasha ya ba mu tsofaffin wayoyin lantarki da ƙananan ƙwayayen fitila, ya kuma rufe rumfarsa yammaci uku yana nuna wa yara yadda ake haɗa su da batir. Na kawo maganar ladan aiki, ya ce, "Haba Malam, ai ni ma a nan na yi karatu." Inna mai saƙar kaba kuwa, da tsufanta ta riƙa takowa kowace Talata, har sai da 'yan mata 14 suka iya faifai da mafici. Inna, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Akwai abin da har yanzu bai bar zuciyata ba. Wata yarinya 'yar aji biyu, wadda shekara guda ban ji muryarta a aji ba, ta tumɓuke wake daga lambun makaranta, ta wanke saiwar a bokiti, ta nuna wa dattawa 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikinta. Ta ce a cikinsu wasu ƙananan halittu ke zaune, suna kama sinadarin naitirojin daga iska, wanda shi ne dai ake nema a takin yuriya. Wani dattijo ya karɓi saiwar yana jujjuya ta a tafin hannu, ya ce tun yana yaro yake ganin ana shuka wake a tsakanin gero, ya san yana gyara gona, amma yau jikarsa ta gaya masa dalili. Wallahi sai da na kau da kai, idona ya cika.

Yaran da suka tace ruwan kududdufi da tsakuwa da yashi da gawayi ma sun burge ni, musamman da suka ja kunnen jama'a cewa ruwan ya yi garau amma sai an tafasa kafin a sha. 'Yan aji ɗaya suka gina rijiyar Kusugu da yumɓu, da macijin da Bayajida ya kashe, har da Daurama a gefe.

Ranka ya daɗe Dagaci, mun gode da halartarka. Kwamitin iyaye da malamai, da matasan da suka sake ɗaga rumfa bayan iskar hunturu ta kayar da ita da asuba, da malaman da suka sayi kwali da gam da kuɗin aljihunsu, Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuriya.

Sauran roƙo ɗaya: hutu ya matso, kuma dashen zogalen yaran bai gama kama ƙasa ba. Mun raba ban ruwa gida-gida, iyaye a taimaka a riƙa sakinsu da la'asar. Wanda akuyarsa ta saba da dangar nan kuma, don Allah ya ɗaure mana ita.