Wamakko, ƙauyen jiya da birni ke ci ta gefe

A zamanin iyayenmu in mutum ya ce za shi Bado ko Kalambaina to ya fita garin Sakkwato ke nan, sai gonakin gero da tumaki da jakai ɗauke da kara. Yau ko ka tsaya Arkilla ka tambayi yaro ina ne nan, cewa zai yi cikin gari mana, alhali a takarda ƙasar Wamakko ce, ɗaya daga ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato, hedikwatarta na can garin Wamakko yamma da birni. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 179,619, amma wanda duk ya ga gine-ginen da aka yi daga lokacin zuwa yau ya san wannan lissafi ya tsufa.

Asalin tattalin arzikin yankin ba wani ɓoyayye ba ne, tudu da fadama. Da damina gero da dawa da wake a tudu, da rani kowa ya gangara bakin gulbin Rima, albasa, tafarnuwa, tumatir, tattasai, rake, shinkafa, ga masunta su ma suna nasu. Haraji da jangali hakimi da dagatai ke tarawa su kai En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, har aka yi gyaran 1976 da ya kawo tsarin ƙananan hukumomi irin na yanzu, shekarar da aka ƙirƙiri jihar Sakkwato kanta.

To abubuwa biyu ne a ganina suka juya yankin. Na farko siminti. Ƙasar Kalambaina dutsen siminti ne kwance a ƙarƙashinta, shi ya sa aka kafa kamfanin siminti na Arewacin Najeriya, wato CCNN, a 1962, ya fara aiki 1967, mu dai Sokoto Cement muka tashi muna ji ana ce masa. Daga baya ya koma hannun kamfanin BUA, a 2018 aka buɗe sabon layi mai sarrafa tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, aka ƙara wani na tan miliyan 3 wanda Buhari ya zo ya buɗe a farkon 2022. Ka bi hanyar Kalambaina da yamma ka ga tireloli jere, direbobi sun baje tabarma ƙarƙashin mota suna jiran lodi, mai shayi da mai tuwo da mai faci kowa na samun nasa. Na biyu jami'a, wadda aka kafa 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato kafin a mai da ta Usmanu Danfodiyo a 1988, mazauninta na dindindin ai a ƙasar Dundaye yake, cikin ƙaramar hukumar Wamakko. Ƙauyukan da ke zagaye da ita da yawa sun samu masinja da mai gadi da ɗan kabu-kabu, wasu kuma 'ya'yansu sun shiga aji sun fito da digiri, wannan kam ba a musu.

Sai kuma cinikin filaye, nan ne ni abin ke damuna wallahi. Tunda aka yi rukunin gidaje a Bado da Kalambaina, kuma ɗan yankin Aliyu Magatakarda Wamakko ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015 hankali ya ƙara karkata can, gonar gero ta zama fuloti. Dillali zai zo da babbar riga ya ce baba wanga hili ai ba ya ba ka buhu biyar, ga kuɗi a hannu, dattijo ya ga abin da bai taɓa riƙewa ba ya sallama, a je Makka, a yi wa yaro aure, a sayi babur, bayan 'yan shekaru kuɗi sun ƙare kuma gona ta zama gidan wani mai katanga da get. Ban ce kowa ya yi asara ba, akwai masu wayon da suka sai da kusa suka sayi gona mai faɗi can nesa, amma ba su ne da yawa ba.

Fadama ce kawai birni ya kasa ci, don ba mai gina gida inda ruwa ke kwana. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwan da ya taho ta madatsar Goronyo ya yanke hanyar jami'a wajen Kwalkwalawa har karatu ya tsaya, ba sai an yi masa bayani ba. Shi ya sa har gobe in ka bi ta gadar nan da sanyin safiya za ka ji ƙarar injin ban ruwa ta ko'ina, jigo ya zama labari, yanzu ma masu hali sola suke sawa saboda tsadar fetur. Matsalar mai albasa dai ɗaya ce tun kaka da kakanni, ajiya. Lokacin cira kowa ya kai kasuwa farashi ya faɗi warwas, wanda ya zuba a rudu, ma'ajiyar albasa ta gargajiya, yana jiran tsada kuma zafi da ruɓa su ci kaso mai yawa, sai ɗan kasuwar da ya loda mota zuwa Kudu ya fi wanda ya sha rana samun riba. Da ƙaramar hukuma za ta ji tawa, rumbun ajiyar albasa na zamani zan ce ta fara yi kafin ta sake gina wasu shaguna a bakin titi.