Kashi Na 12 Ne Yake Tona Asirin Marubuci

Na daina yanke wa wasannin kwaikwayon soyayya na Koriya ta Kudu hukunci daga kashi na farko, domin a nan ne ake zuba kuɗi, a zaɓo wurare masu ɗaukar ido, a haɗa jarumi da jaruma ta hanyar wani tsautsayi mai ban dariya, har mai kallo ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Abin da nake jira shi ne kashi na 11 zuwa na 13, lokacin da masoyan suka riga suka furta wa juna abin da ke ransu, marubuci kuma yana da sauran sa'o'i huɗu ko biyar da ya zame masa dole ya cika. A wannan gaɓar ce ake raba su, kuma dalilin rabuwar shi ne mudun da nake auna shirin gaba ɗaya da shi.

Matsalar tana da tushe a yadda ake shirya wasannin. An saba yin kashi 16, kowanne sa'a guda ko fiye, ana haska biyu a mako. Shekaru masu yawa gidajen talabijin suna fara nuna shiri alhali ba a kammala ɗaukarsa ba, marubuci yana rubutu yana leƙen ra'ayin masu kallo, 'yan wasa kuma wani lokaci sai a ranar ɗauka suke karɓar abin da za su haddace. Shi ya sa aka yi ta maganar Descendants of the Sun a 2016, wanda aka gama ɗaukarsa kafin a fara haskawa domin a nuna shi lokaci guda a ƙasar Sin, inda sai hukuma ta tace shiri tukuna yake fita. Marubucin da lokaci ya ƙure masa kuwa, abin da ke kusa yake rarumowa: mota ta kaɗe jarumi ya manta kowa, ko attajirar uwa ta tura wa yarinya ambulan cike da kuɗi ta ce ta rabu da ɗanta, ko kuma wanda ya fi ba ni haushi, ɗaya daga cikin masoyan ya ɓace ba sallama wai don kada ya cutar da ɗayan, alhali zaman minti biyar da magana ta gaskiya da sun kashe wutar.

Winter Sonata, wanda tashar KBS ta nuna a 2002, ya tattara kusan dukan waɗannan: haɗarin mota har sau biyu, gushewar tunani, zargin cewa masoyan uba ɗaya ya haife su, daga ƙarshe kuma makanta. Duk da haka ya girgiza Japan, ya mayar da tsibirin Nami na Koriya ta Kudu, inda aka ɗauki wani ɓangarensa, wurin yawon buɗe ido, ni ma ba zan ɓoye ba na share hawaye. Amma na lura cewa kiɗan da dusar ƙanƙarar ne suka sa ni kuka, labarin kansa kuwa da ƙyar yake tsayawa da ƙafarsa.

Wasannin Japan, da yawanci ba sa wuce kashi 10 ko 11, ba su cika faɗawa wannan rami ba saboda ba su da filin ɓata lokaci. Na Sin kuwa, masu kai wa kashi 40 ko fiye, sukan raba masoya sau uku kafin a kai rabi.

Akwai wani abu da fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo take haɗiyewa. Harshen Koriya yana da salon magana na girmamawa da kuma na saba'a, kuma ranar da jaruma ta sauke na farko ta koma na biyu, ko jarumi ya kira sunanta ba tare da kalmar ladabi ba, an ƙetare wata katanga da ta fi riƙe hannu muhimmanci. Tun da kunnena ya fara kama wannan sauyi, nakan gane marubucin da ya gina shaƙuwa sannu a hankali da wanda ya dogara ga kyan fuskar 'yan wasa.

Shirin da ya ci jarrabawata shi ne Crash Landing on You, wanda tashar tvN ta fara nunawa a ƙarshen 2019. Guguwa ce ta kwashi wata attajira daga Kudu tana shawagi da lema ta jefa ta Koriya ta Arewa, inda wani kyaftin na soja ya ɓoye ta. Farkon kamar tatsuniya yake, kuma tallan kayayyakin da ake cusawa a tsakiyar labari yana da gundura, amma abin da ya shiga tsakanin masoyan iyaka ce ta gaske da aka shata tun yarjejeniyar tsagaita wutar yaƙin Koriya ta 1953, don haka marubuciyar ba ta buƙaci ƙirƙiro rashin fahimta ba. Wasu masu kallo sun yi ƙorafi cewa ba a ƙare da ɗaurin aure ba, sai haɗuwa ta mako biyu a kowace shekara a ƙasar Suwizalan. Ni kuwa da an nuna kyaftin ɗin ya tattaro ya dawo Seoul, babban birnin Kudu, ya bar iyayensa a hannun hukumar Koriya ta Arewa, da na rage wa shirin maki.